Siriri ma yana kamuwa da ciwon suga

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in tanka wata magana da ta zauna a bakin mutanenmu na Tawa, wai ciwon suga na masu tumbi ne, alhazan birni masu cin maiƙo. Ƙanen mahaifina manomin albasa ne a Galmi, siriri kamar karan gero, kullum yana garka. Sai da gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa, ga tashi fitsari dare duka, kana aka auna jininsa. Suga ne, kuma ya jima a jikinsa.

Ni malamin kimiyyar halittu ne, shi ya sa lamarin Japan ya ja hankalina. Yawancin Japanawa ba su da ƙiba, amma ciwon na kama su. A 2002 masu bincike a Tokyo suka nuna cewa wani bambanci a ƙwayar gadon adiponectin, sinadarin da kitse ke fitarwa, yana da alaƙa da jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke rage suga a jini. Insulin ɗin na nan cikin jini, amma tsoka da hanta sun yi masa kunnen ƙashi, suga ya taru. Kitsen da ya lulluɓe hanji, wanda riga ke ɓoyewa, yana ƙara dagula abin. A 2008 kuma suka gano alaƙar ciwon da wata ƙwayar gado, KCNQ1, wadda wani nau'inta ke rage insulin ɗin da jiki ke fitarwa.

To amma gadonsu ba namu ba ne. Wata ƙwayar gado, TCF7L2, da aka gano alaƙarta da ciwon a ƙasar Aislan a 2006, nau'inta mai haɗari kaɗan ne a Japan, alhali ya yawaita a Afirka ta Yamma.

Abin da ya burge ni, Japanawa ba su ari ma'aunin ƙugu na Turawa ba wajen gane kitsen ciki. Tun 2008 ake auna ƙugun 'yan shekara 40 zuwa 74, da iyakar santimita 85 ga namiji, 90 ga mace. Awon da kowane tela a kasuwar Tawa ya iya!

Roƙona ga malaman likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai: su binciki jinin Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Buzaye, su fitar mana da namu ma'aunin. Kafin nan, duk wanda ciwon ke danginsa ya je a auna shi da safe kafin ya karya kumallo, ko da ƙasusuwan haƙarƙarinsa ana ƙirgawa.

Wassalam,
Malamin makaranta, Tawa