Daga Mai Wurno zuwa Gadarif

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mu nan gida sai godiya. Kawunka ya ce ka kafa tukubarka a bakin kasuwa, har agashe kan ƙare kafin isha'i. Allah ya sa albarka.

Duk mai ciyar da jama'a yana hulɗa da wasu ƙananan halittu da ba a gani sai da madubin likita, ko ya sani ko bai sani ba. Ba duka ne mugaye ba. Ɗan ƙullun kisra da mahaifiyarka ke ragewa a gindin roba ta zuba sabo a kai, su ne ke kwana a ciki suna aiki har ya yi tsami, kuma tsamin nan ne ke hana masu cutarwa sakewa. Haka nono, daddawa ma aikin irinsu ce. In ka tuge gyaɗa, ƙananan ƙululun da ke jikin saiwarta gidansu ne, daga nan suke ɗebo wa ƙasa taki daga iska. Shi ya sa dawa kan yi kyau a inda gyaɗa ta tashi.

Gyaɗar ce ma damuwata. In an adana ta da danshi, fumfuna kan kama ta, ta bar dafin da ke cin hanta a hankali, har ya kai ga sankara. Suya ba ta gamawa da shi. Kada arha ta ruɗe ka wajen sayen ƙuli-ƙuli. Gara ka sayi gyaɗar da kanka, ka baza a faifai, ka tsince duk wadda ta yamushe, ta yi baƙi ko kore. Mai ɗaci kuwa ko akuya kada ka ba.

Sai ruwa. Ka tuna a Agustan 2024 ma'aikatar lafiya ta sanar da ɓarkewar kwalara, Kasala da Gadarif ɗin nan taku na cikin inda ta fi tsanani. Nama wuta ta gama da shi, amma albasa da tumatir da kake yankawa a gefe ba su ga wuta ba. Ka wanke su da ruwan da aka tafasa ko aka sa wa kilorin ya yi rabin awa. Wuƙar ɗanyen nama daban, ta albasa daban. Yaron da ke karɓar kuɗi ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa tsinke, ko da zai ɓata rai.

In wani naku ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, ku haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha kuna hanyar asibiti. Ban da sayen kafso a shago, shan sa barkatai ne ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce yajin da ta daka zai zo ta hannun kawunka ranar Asabar. Ka gaida mutanen gidan da kake.

Mahaifinka