Bakteriyar hanji: gado ne ko abin da muke ci?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da bakteriyar nan da ke zaune a hanjin ɗan Adam. Yanzu ko ina ka leƙa sai ka ji ana cewa ai ciwon ciki gado ne, in mahaifinka na fama da kumburin ciki to kai ma sai dai haƙuri. Maganar tana da ƙanshin gaskiya amma wallahi an zuzuta ta da yawa.

Eh, ƙwayoyin halittar da ka gada suna da hannu. A 2014 an binciki tagwaye kusan mutum 1,000 a Ingila, aka ga masu kama ɗaya sak bakteriyarsu ta fi kama da juna, musamman wani dangin bakteriya da ake kira Kiristensenela wanda ya fi yawa a cikin marasa ƙiba. Amma misalin da ya fi burge ni shi ne na madara. Wasu in sun girma jikinsu na ci gaba da yin sinadarin da ke narkar da sukarin madara, wasu kuma yana raguwa, kuma wannan gado ne, to shi wanda jikinsa bai narkarwa in ya sha madara sukarin sai ya wuce har babban hanji, can sai wata bakteriyar hanji da ake kira Bifidobakteriya ta samu abinci ta yi ta hayayyafa. Ka ga nan gadon bai shuka bakteriyar ba, abinci kawai ya bar mata, kuma in mutumin bai shan madara ina za ta samu? Rukunin jini ma haka, yana canza irin sukarin da ke jikin bangon hanji, wanda shi ma abincin wasu bakteriya ne.

Sai dai a 2018 cibiyar Weizmann ta Isra'ila ta duba mutum 1,046, ta gano tasirin gado ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da abinci, magunguna da yanayin zama. Mutanen da ba su haɗa jini ba amma suna gida ɗaya bakteriyarsu ta yi kama, 'yan uwan da ba su taɓa zama tare ba kuwa babu wata kama ta a zo a gani.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga mutum yana ɗirkar antibayotik ba da izinin likita ba, yana karkashe masu amfanin da ke cikinsa, in ciki ya rikice kuma ya ce gado ne. Ina roƙonku ku gayyato likitan ciki ya yi wa jama'a bayani a wannan jarida, ya kuma taɓo batun cewa yawancin binciken nan a kan Turawa aka yi shi, alhali abincin mutane da ƙwayoyin halittarsu sun bambanta daga nahiya zuwa nahiya.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum