Zuwa ga Edita: Ƙuri'ar Panem ba ta sa'a ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Sharhin da kuka buga a shafin adabi ranar Asabar a kan littafin ƙagaggen labari The Hunger Games na Suzanne Collins ya ɓata mini rai, kuma layi ɗaya ne ya yi ɓarnar. Mai sharhinku ya ce wai sa'a ce kawai ke fitar da yaran da ake kaiwa filin kisa, ɗan mai hali da ɗan talaka kowa da takardarsa guda. Ba haka ba ne. Tun a babin farko Suzanne Collins ta baje lissafin a faifai, kuma wanda ya tsallake wannan lissafi bai karanta littafin ba, ko da ya kai shafin ƙarshe.

Ga yadda abin yake. A ƙasar Panem ta cikin labarin, gundumomi 12 ne a ƙarƙashin Kafitol, birnin masu mulki, kowace tana ba da namiji ɗaya da mace ɗaya duk shekara, yara 24 ke nan, ɗaya ne zai dawo da rai. Yaro na cika shekara 12 za a jefa sunansa sau ɗaya a ƙwallon gilashin da ake zaro ƙuri'a daga ciki. A shekara 13 sau biyu, a 14 sau uku, har ya kai 18 da takardu bakwai. Wannan na wanda gidansu ke ci ana ƙoshi ne. Wanda babu hatsi a gidansu kuwa an buɗe masa wata ƙofa mai suna tesera. Zai je ofishin hukuma ya yarda a ƙara sunansa sau ɗaya, a ba shi hatsi da man da mutum ɗaya zai lallaɓa da su shekara guda, ana karɓa wata-wata. Yana iya karɓar wa kowane mutum na gidansu, kowane baki da takardarsa. Inda masu karatun sama-sama ke zamewa shi ne ba a goge na bara. Takardun taruwa suke yi.

A ɗauki Katniss, jarumar labarin. Bakuna uku ne a gidansu: ita, da uwarta, da ƙanwarta Prim. Kowace shekara ana ƙara mata takarda ɗaya ta dole da uku na hatsi, huɗu ke nan. Tana da 4 a shekara 12, sai 8, sai 12, sai 16, ranar da labarin ya buɗe tana 'yar shekara 16 sunanta na cikin gilashin sau 20. Gale, abokin farautarta, yana ɗauke da bakuna biyar, da ta dole shida ke nan duk shekara, sau shekara bakwai ya ba da 42. Madge 'yar magajin gari, sa'ar Katniss, takardunta 5 ne cak. To ina daidaito tsakanin 5 da 20? Yara biyu aji ɗaya, gari ɗaya, ɗaya ta ninka ɗayar sau huɗu a kusanci da mutuwa don kawai tukunyar gidansu ba ta hawa murhu.

Na san abin da mai sharhinku zai kare kansa da shi: ai Prim aka zaro, ita kuwa takardarta ɗaya tak cikin dubbai, don yayarta ta hana ta karɓar tesera. Gaskiya ne. Amma marubuciyar ta yi hakan ne da gangan, don mai karatu ya ga cewa duk nauyin da Katniss ta ɗora wa kanta bai saya wa ƙanwarta komai ba. Zaro takarda ɗaya sau ɗaya ba ya goge yadda aka cika gilashin. Kuma amfanin tsarin ga masu mulki bai tsaya ga wanda aka zaro ba. Ku duba safiyar ranar ƙuri'a, lokacin da Katniss da Gale suka kai wa gidan magajin gari 'ya'yan itace. Madge ta fito da farar riga mai tsada da wani ɗan fil na zinariya a ƙirji, Gale ya yaɓa mata magana a kan takardunta biyar. Yarinyar ba ta yi masa komai ba, shi ma ya sani. Sai dai an riga an tsara abin yadda ɗan mahaƙin kwal zai riƙa jin haushin 'yar maƙwabcinsa maimakon wanda ya ajiye gilashin a dandali.

Yunwar ma da ke tura yaro ya sa hannu ba fari ne ya kawo ta ba. Gunduma ta 12 mutanenta kusan 8,000 ne, a yankin tsaunukan Appalachia na tsohuwar Amurka, daji cike da nama da ganye yana kewaye da su, amma an gitta shingen waya mai lantarki, shiga dajin kuma laifi ne babba. Abin da ya ceci Katniss shi ne wutar ba ta wuce awa biyu ko uku da yamma, sai ta kasa kunne, in ba ta ji shingen na ƙugi ba ta rarrafa ta ƙarƙashinsa. Naman da ta harbo a kasuwar bayan fage take sayarwa, cikin wani tsohon ɗakin ajiyar kwal, jami'an tsaron da ya kamata su kama ta suna cikin masu saye. Wanda yunwa ta kashe ba a rubuta yunwa, sai a ce mura ce ko ciwon huhu. A Gunduma ta 11, inda ake noma abincin ƙasar, Rue, yarinyar da aka zaro daga can, ta shaida wa Katniss cewa bulala ake yi a bainar jama'a ga wanda ya ci daga abin da ya noma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sunan ƙasar ma, Panem, burodi yake nufi da Latin, daga tsohuwar maganar Rumawa ta burodi da wasanni. Duk wannan bai samu ko layi ɗaya a sharhinku ba, amma an ba tambayar wa Katniss ke so tsakanin Gale da Peeta, yaron da aka zaro daga gundumarsu, rabin shafi.

To ita soyayyar ma a bi ta a gani. Peeta da gaske yake, ban musa ba. Amma a cikin filin, inda Katniss ta shiga a madadin Prim, abinci da magani daga masu ɗaukar nauyi cikin 'yan kallo suke zuwa, ana sauko da su da 'yar lema mai ruwan azurfa, farashinsu kuma hawa yake yi kullum, kuɗin da zai sayi cikakken abinci a ranar farko ba zai wuce biskit ɗaya ba bayan kwana 12. Haymitch, mai horar da ita da Peeta, shi ke riƙe da kuɗin, kuma ba shi da hanyar yi wa Katniss magana sai ta abin da ya aiko da lokacin da ya aiko shi. Ta sumbaci Peeta a kogo, sai ga tukunyar romo ta sauko. Nan take ta gane farashin. Yarinyar da ta sayar da sunanta don hatsi tana 'yar shekara 12 ita ce yanzu take sayar da fuskarta don romo. Ko haɗuwarsu ta farko ai burodi ne: tana 'yar shekara 11, ubanta ya mutu a fashewar ramin kwal, tana zaune cikin ruwan sama a bayan gidan burodi, Peeta ya ƙona guda biyu, uwarsa ta doke shi, ya jefo mata su. Ta cusa su cikin riga da zafinsu har suna ƙona mata fata.

Wani abu kuma, tunda na ɗauki alƙalami. Wace irin na'ura kuke buga jaridar nan da ita da ba ta san ƙugiya ba? A wannan sharhin kaɗai "baƙin ƙarfe" ya koma "bakin karfe", "ɗaki" ya koma "daki", "ƙasa" ta koma "kasa". Mun gaji da yi muku gyara a ka. Wayoyi da yawa suna da waɗannan haruffa yanzu, balle kwamfutar gidan jarida.

Abin da nake nema a gare ku shi ne gyara a wannan shafin na adabi, da lissafin a rubuce: 5, 20, 42. Littafin tun 2008 yake hannun mutane, ba wuyar samu gare shi ba. Ku ba mai sharhinku, ya koma babin farko da fensir a hannu. Fim ɗin 2012 ya taɓa zancen a gurguje ne, ina kuma zargin daga can ya ɗebo nasa sharhin.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya.