Godiya Ga Shagon Da Ya Dawo Wa Injin Wanke-Wankena Da Zafinsa

Zuwa ga maigidan shago, da Malam injiniya da ya zo gidana, da yaron aikinsa, da baiwar Allahn da ke amsa waya.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Na rubuto wannan wasiƙa ne a fili, inda kowa zai karanta, saboda godiyar da na yi muku a bakin ƙofa ran nan ba ta ishe ni ba. Yabon gwani ya zama dole. Yau mako shida ke nan da kuka gyara mini injin wanke kwanuka, kuma da gangan na jinkirta rubutun, don in ga ko gyaran zai riƙe. Ya riƙe. Kullum idan na buɗe ƙofarsa tururi ne yake fara tarbata.

Wani zai ce mene ne abin rubuta wasiƙa a kan injin wanke-wanke. A gidana ba kayan ƙawa ba ne. Fatar hannuna ba ta jure sabulu da daɗewa cikin ruwa, tsagewa take yi har ta fitar da jini. Ga mahaifiyata a wurina, ta manyanta, jikin kuma sai lallaɓawa, likita ya ja mana kunne sosai a kan tsabtar kofinta da cokalinta. Ruwan da injin yake wanki da shi ya fi ƙarfin hannun mutum, kuma wannan zafin shi ne dalilin da ya sa na saye shi tun farko.

Abin bai zo da hayaniya ba. Injin yana ɗaukar ruwa, yana juya shi, yana zubarwa, fitilunsa duk suna kunne kamar yadda aka saba. Sai dai na fara ganin maiƙo a bayan faranti, kofunan gilashi suna fitowa da hazo-hazo, ƙwayar sabulun kuma wani lokaci in tarar da rabinta a ƙasa, ta yi laushi amma ba ta narke ba. Kwanuka a jiƙe sharkaf. Na canza sabulu, na wanke matatar injin, na rage lodi, duk a banza. Wata rana ana tsakiyar wanki na ɗora tafin hannuna a jikin ƙofar, na ji ta da sanyi ƙalau. A nan na gane ruwan sanyi yake ta watsa wa kwanukan tsawon makonni.

Kafin in same ku na kira wani mai gyara. Ba zan ambaci sunansa ba, ba don shi na zauna rubutu ba. Bai kwance ko sukuru ɗaya ba. Ya saurari ƙarar injin, ya ce hita ce, wato abin da ke dafa ruwan, ta ƙone, kuma a irin wannan injin gara in haƙura in nemi sabo. Na kwana biyu da wannan magana a raina.

Bambancinku ya fara ne tun daga waya. Baiwar Allahn da ta ɗauka ba ta yi gaggawar ba ni rana ba. Ta tambaye ni shekarun injin nawa, da lambar da ke rubuce a gefen ƙofa ta ciki, da ko yana nuna wata alama a fuskarsa, da ko wutar gidan tana faɗuwa idan ya kai tsakiyar wanki. Sannan ta yi wata tambaya da ta burge ni: a wane tsari nake kunna shi? Ta bayyana mini cewa akwai tsarin ɗauraya kawai, wanda dama can ba ya dafa ruwa, kuma mutane da yawa sukan kira a kan hakan alhali injinsu lafiya lau yake. Ta ce in sa shi a tsari mafi zafi, in jira kamar minti 20, in buɗe a hankali in ji. Wato a shirye take ta hana shagonku aiki idan har babu aikin. Na gwada, ruwa na nan da sanyinsa, na sake kira, ta ba ni lokaci, kuma a lokacin aka zo.

Malam injiniya, kai ne ka fi cancantar yawancin wannan wasiƙa. Abu na farko da ka yi shi ne zare fulogi daga bango da rufe famfon ruwa, sannan ka sa yaronka ya maimaita da bakinsa cewa an zare, kafin wani ya taɓa ƙarfe. Ka shimfiɗa tsohon bargo a ƙasa don kada tayil ya karce, kuka jawo injin, kuka kwance murfin gefe da na ƙasa. Kowane sukuru da ya fito sai ya shiga wani ɗan faranti mai maganaɗisu. Na tambaye ka ko hitar ce, kamar yadda aka gaya mini. Ka ce, "Hajiya, tana iya zama ita, amma mitar gwajin wuta ce za ta gaya mana, ba ni ba."

Daga nan ka yi abin da ban taɓa ganin mai gyara ya yi ba, ka ce in matso in gani. Ka nuna mini cewa a irin injina hitar ba ta kwance a ƙasan wurin kwanuka yadda take a tsofaffin injuna, tana ɓoye ne a ƙarƙashi, ruwa yana ratsa ta cikinta idan famfo ya turo shi. Ka cire wayoyinta biyu, ka ɗora bakin mita a kan ƙafafunta. Kafin ka duba allon mitar, sai ka fara yin lissafi a bayan takarda. Hitar wat 2000 ce, wutar kuma bolt 230. Idan aka ninka 230 sau 230 aka raba da 2000, za a samu kusan 26. Ka ce idan hitar lafiya take, mita za ta nuna om 26 ko kusa da haka, wato ma'aunin tirjiyar da hitar ke yi wa wuta, idan kuma zaren cikinta ya tsinke, ba za ta nuna komai ba, hanya ta yanke. Muka duba tare. Ta nuna 27. Ka sake auna tsakanin ƙafar hitar da ƙarfen jikinta, don ka tabbatar wuta ba ta zurarewa zuwa gangar jiki, domin irin wannan zurarewar ce take kayar da wutar gida, kuma ita ce mai haɗari ga rai. Nan ma babu komai. Hitar da aka yanke wa hukunci ba ta da laifin kome.

Na ga yadda ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka ƙosa ba. Akwai ɗan makarin da ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima, ka auna shi, a haɗe yake. Akwai sensar da ke gaya wa injin zafin ruwa, ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ƙarama ce, ba ta kai ɗan yatsa ba. Ka ciro ta, ka haɗa ta da mita, ka ba yaronka ya damƙe ta a tafin hannunsa. Ina kallo lambar da ke allon ta fara sauka a hankali yayin da ɗumin hannunsa yake shigarta. Ka ce haka ake so, irin wannan sensa tana rage tirjiya ne idan ta ji zafi, da haka ƙwaƙwalwar injin take sanin inda ruwa ya kai. Da ta lalace, tana iya yi wa injin ƙaryar cewa ruwa ya riga ya yi zafi, shi kuwa ba zai taɓa kunna hita ba. Ka kuma duba makunnin da ke tabbatar da cewa ruwa yana gudana, saboda injin ba ya yarda ya kunna hita a bushe. Shi ma ba shi da matsala.

A wannan gaɓar na ɗauka za ka ce abin ya gagara. Sai ka ce yanzu ne ma aka kusa, tunda duk wanda aka wanke daga zargi ya rage yawan waɗanda suka saura. Kuka mayar da wayoyi, aka kunna injin, ka matsar da mu baya, ka rataya wata mita mai baki kamar ƙaguwa a kan wayar hitar. Ka ce idan lokacin dafa ruwa ya yi, ya kamata a ga kusan amfiya 9 suna wucewa, wato yawan wutar da hitar ke ja. Muka yi shiru muna jira. Can sai muka ji wani ɗan sauti, ƙyas, daga cikin ƙofar. Ka ɗaga yatsa ka ce rile ne, wato ɗan makunnin da ke sakar wa hita wuta, ya motsa, umarni ya fita. Amma mita ba ta motsa ba. An ba da umarni, wuta ba ta iso ba.

Ka sake zare fulogi, ka kwance fuskar ƙofar, ka fito da fanel, wato allon da ke sarrafa injin. Gani ya kori ji. Ka juya bayansa ka haska da tocila, ka miƙo mini gilashin ƙara girma. A ƙarƙashin rilen, a daidai ƙafa ɗaya, dalmar ta yi baƙi, ta tsage zagaye kamar zobe, allon kewaye da ita ya yi launin toka-toka. Ko ƙwayar idon kifi ba ta kai ba. Ka bayyana mini yadda abin yake faruwa: wutar hitar gaba ɗaya ta wannan ɗan ɗigon take bi, kullum ya yi zafi ya huce, ya buɗe ya tsuke, shekara da shekaru, har ya fara tsagewa. Da ya tsage sai wuta ta riƙa wahalar wucewa, wahalar ta ƙara haifar da zafi, zafin ya ƙara cin dalmar, har ranar da hanya ta yanke gaba ɗaya.

A nan ne na ga amanarku. Ka gaya mini hanya biyu ce, ko a sa sabon fanel, ko a gyara wannan. Ka ce da wutar ta ci allon har ta huda shi, ba za ka yarda ka like shi ba ko da na roƙe ka, don ba ka barin abin da zai iya kama wuta a gidan mutane. Amma ka kankare baƙin, ka duba hanyar tagullar, ka ga ba ta mutu ba. Ba ka tsaya a sabunta dalma kawai ba, ka ce rilen da ya sha irin wannan zafi bakinsa na ciki ma ya ƙone, idan aka bar shi bayan 'yan watanni za a sake kiranku. Ka sa sabo mai ƙarfi daidai da na asali, ka nuna mini lambobin da ke jikinsu sun yi daidai, ka like shi tsaf, sannan ka bi sauran manyan ƙafafun fanel ɗin ka duba su. Tsohon rilen kuma ka sa shi a leda ka ba ni. Yana nan a aljihun tebur.

Da aka sake kunnawa, sautin nan ya sake fitowa, ƙyas, mita ta yi tsalle ta tsaya a 8.6. Yaronka ya yi murmushi kafin kowa. Ba ku tattara kaya a nan ba. Ka ce injin yana dafa kamar lita 3 zuwa 4 ne a lokaci guda, kuma hita mai wannan ƙarfin ba ta bukatar fiye da 'yan mintuna kafin ta kai su inda ake so, don haka jira ba zai gagare mu ba. Kuka zauna har ya kai, ka buɗe, ka tsoma ma'aunin zafi a ruwan da ke ƙasa, ya haura digiri 60 a tsari mai ƙarfi. Ka leƙa ƙarƙashi da tocila ko akwai ɗigon ruwa, ka mayar da kowane sukuru gurbinsa, yaron ya goge ƙasa.

Akwai abin da ka ƙara mini wanda ba ya cikin aikin da aka kira ka. Ka nuna mini farin ɓawon da ya fara taruwa a bakin bututu, ka ce ruwanmu yana da yawan ma'adanai, kuma idan ɓawon ya lulluɓe hita sai ta riƙa shan zafin da ya kamata ruwa ya ɗauke, daga nan ne takan ƙone da gaske. Ka buɗe wani murfi a ƙasan injin da ban taɓa kula da shi ba, ashe wurin zuba gishirin injin ne, wanda ke taimaka wa sashen da ke tausasa ruwa, kuma ya daɗe da ƙarewa. Ka gargaɗe ni kada in zuba na girki, sai wanda aka yi domin injin. Ka daidaita mini ma'aunin sashen, ka ce in riƙa wanke matatar injin duk mako, in kuma riƙa kunna tsari mafi zafi lokaci-lokaci, domin tsarin tattalin wuta da nake yawan amfani da shi a wajen digiri 50 yake tsayawa, maiƙo kuwa yakan taru a bututu idan bai taɓa haɗuwa da zafi sosai ba. Ka kuma ja mini kunne cewa abin da na gani na kallo ne, ba na kwaikwayo ba, wurin da ruwa da wuta suka haɗu ba a yi masa karambani. Na ji, kuma na riƙe.

Maigidan shago, ina so ka san irin mutanen da kake da su. Bayan kwana goma aka kira ni daga wurinku, ba don a sayar mini da komai ba, sai don a ji ko injin yana nan lafiya. Ka kuma kula da yaron nan. Na lura injiniyan ba ya tsawata masa, tambayarsa yake yi, "Me kake tsammani mita za ta nuna?" sai ya amsa sannan a auna. Yadda yake riƙe waya da yadda yake sauraro sun nuna za a yi gwani nan gaba.

Hannuna ya warke, tsagar da ke tsakanin yatsuna ta rufe. Mahaifiyata ta ce in isar muku da gaisuwarta, musamman yaron, wanda ya durƙusa ya gaishe ta kafin ya shiga kicin. Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a sana'arku, ya tsare ku daga sharrin wuta da ƙarfe.

Wassalam.

Taku mai godiya,
Wata abokiyar cinikinku