In riƙe albashi ko in bi kiɗan kaina?

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Ni makaɗin piyano ne, kuma da kaɗa wa masu koyon rawar bale (wata rawar Turawa ta dandamali) nake rufa wa kaina asiri. Mutane da yawa ba su ma san sana'a ce ba. Malamar rawa za ta nuna motsi, ta ƙirga ɗaya zuwa takwas, ni kuma nan take in samo kiɗan da zai hau kan ƙirgar daidai: a hankali idan suna dafe da sanda suna lanƙwasa gwiwa, da zafi-zafi idan sun fito tsakiyar ɗaki suna tsalle. Idona ba ya kan takarda, yana kan ƙafafunsu. Ana cewa idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, to a wurinmu rawa ce a gaba, kiɗa na biye da ita.

Yanzu makarantar ta yi mini tayin aikin dindindin da albashi, safe zuwa yamma. Ana cikin haka sai wata mai tsara rawar zamani ta nemi in rubuta mata sabon kiɗa na wasa guda. Kuɗin kaɗan ne, biya ɗaya, kuma takardar yarjejeniyar ta ce haƙƙin mallakar kiɗan zai koma hannun ƙungiyarta kacokan. Ko sau nawa suka yi wasan, ko sun naɗa sun sayar, babu abin da zai sake shigowa hannuna. Haɗa biyun ba zai yiwu ba, domin lokacin gwajinsu ya ci karo da lokacin aji.

Amma abin da ya fi hana ni barci ba kuɗi ba ne. Ƙirgar takwas ɗin nan ta shiga hannuna. Duk lokacin da na zauna rubuta nawa, sai ya fito a yanke daidai wa daida, kamar akwai wanda ke jiran ya ɗaga ƙafa. Ina tsoron idan na karɓi aikin makarantar, kunnena zai ƙarasa mutuwa.

Wani lokaci nakan lallashi kaina da labarin John Cage, shahararren mai ƙirƙirar kiɗa ɗan Amurka. Shi ma a ajin rawa ya yi kiɗa, a makarantar Cornish da ke Seattle a Amurka daga 1938, kuma a nan ya haɗu da Merce Cunningham, wanda daga baya ya zama shahararren mai tsara rawa. A 1940, da aka rasa wurin ajiye makaɗan ganguna a wasan wata mai rawa, Syvilla Fort, sai ya cusa ƙusoshi tsakanin wayoyin piyano ya mayar da shi kamar tarin ganguna. Ashe ajin rawa bai kashe shi ba. Sai kuma in tuna Louis Horst, wanda ya jagoranci kiɗan shahararriyar mai tsara rawa Martha Graham daga 1926 zuwa 1948. Gwani ne, amma yau an fi tuna shi a matsayin malami da mai ba ta shawara fiye da mai ƙirƙirar kiɗa.

Maiɗakina ta ce in karɓi albashi, kuma ban ga laifinta ba, akwai yara.

Malam, idan na ce wa mai tsara rawar in ba ta izinin amfani da kiɗan na wasu shekaru, mallaka ta zauna a hannuna, rashin kunya ne ga wanda bai yi suna ba? Idan kuma ta ƙi, in sa hannu haka nan don sunana ya fita, ko in haƙura in koma aji?

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naka,
Mai sauraronka a kullum