Dashen Fata Ga Yaran Da Fatarsu Ke Saluɓewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida in yi magana kan wata cutar gado da likitoci ke kira epidermolysis bullosa. Yaron da aka haifa da ita, gogar riga kawai ko ɗaukar da uwa za ta yi masa na iya sa fatarsa ta yi bororo ta saluɓe. A nau'inta mai tsanani, raunin kan zama gyambo ya shekara bai rufe ba, yatsu su manne da juna, daga baya sankarar fata ta biyo, wadda ke hallaka da yawa cikinsu tun suna matasa. Sanadin wannan nau'in shi ne ƙarancin sinadarin kolajin nau'i na 7, wanda ke ɗaure saman fata da ƙasanta, kuma kamar sikila, yaro kan gaji wannan nau'in daga uwa da uba baki ɗaya. Ba a ɗaukar ta ta hanyar taɓa mai ita.

Dashen fata irin wanda ake yi wa mai ƙuna, wato a yanko daga lafiyayyen wuri a rufe rauni, ba ya wadatar da waɗannan yara, domin fatar da aka yanko tana ɗauke da lahanin, wurin da aka yanko ta kuma zai iya zama sabon gyambo.

A 2015, a birnin Bochum na Jamus, likitoci sun kusa fid da rai da wani yaro ɗan asalin Siriya mai shekara 7, mai wani nau'in cutar, wanda nasa lahanin ke cikin laminin, wani sinadari da shi ma ke ɗaure saman fata da ƙasanta. Sai suka nemi Farfesa Michele De Luca na Modena a Italiya, aka ɗebi ɗan guntun fatar yaron, aka sanya wa ƙwayoyinta gyararriyar ƙwayar gado, aka raine su a ɗakin bincike har suka zama shimfiɗu, sannan aka dasa su a kusan kashi 80 cikin 100 na jikinsa. Fatar ta kama, yaron ya koma makaranta, har yana buga ƙwallo. A Afrilun 2025 kuma, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da Zevaskyn, dashe irin wannan ga masu lahanin kolajin.

Abin da ke ci mini rai shi ne kuɗinsa, dala miliyan 3.1, ga shi kuma wurin da aka dasa kaɗai yake gyarawa, raunukan baki da maƙogwaro suna nan. Mafi yawan iyaye za su ci gaba da kwashe sa'o'i suna canza bandeji yaro na kuka. Ina roƙon jaridarku ta tattauna da likitocin fata, su bayyana wa iyaye yadda ake huda bororo da tsaftatacciyar allura kafin ya faɗaɗa, da irin bandejin da ba ya manne wa rauni, da alamun gyambon da ya fara rikiɗa zuwa sankara.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum