Kafin Ka Zuba Sabon Kifi a Akwatin Yara

Unguwar Rimi,
Kaduna.

Aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya sanyin Jos? Mu nan hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, da asuba sai mutum ya yi ta maza kafin ya taɓa ruwan alwala.

Na ga saƙonka cewa ka saya wa yara akwatin gilashi na kifin ado, kuma za ka ƙaro wasu kifayen ranar Asabar. Shi ya sa na zauna rubuto maka, don ba na so abin da ya same ni watan jiya ya same ka.

Ka san kifayen nan nawa na falo, guda 14, shekara biyu ban ga ciwo a jikin ko ɗaya ba. Sai na ga wasu baƙaƙen moli, wani nau'in ƙananan kifin ado, guda uku wurin wani mai sayarwa, suka shiga raina. Ina isowa gida na juye su ciki, har da ruwan ledar. Bayan 'yan kwanaki Safiya ta ce, "Baba, kifin nan susa yake yi." Na duba, sai ga shi yana goga gefensa a jikin dutse, ya fizga da gudu, ya dawo ya sake. Fika-fikansa a manne da jiki. Da dare na kashe fitila na haska shi da tocila: fararen ɗigo-ɗigo a baƙar fatarsa, kamar an barbaɗa masa gishiri. Wallahi gabana ya faɗi.

Wata 'yar ƙwayar halitta ce ke kawo wannan cutar, masana na kiranta Ichthyophthirius. Ɗigon da kake gani ita ce kwance a ƙarƙashin fata tana ci, kuma a nan magani ba ya kai mata. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa cikin tsakuwa, ta rufe kanta da kwanso, ta rarrabu ɗaruruwa. Su ne ke fitowa suna iyo suna neman kifi, kuma a wannan ɗan lokacin kaɗai ake iya kashe su. Ni ban san haka ba. Kwana uku da fara magani ɗigon ya ɓace, na yi hamdala na dakata. Ashe sauka suka yi su hayayyafa. Da suka dawo, kusan kowane kifi ya kamu, suna tasowa saman ruwa suna haki, don ƙwayar ta kama wurin numfashinsu. Biyar na rasa, har da babban nan mai dogon wutsiya da ka yaba lokacin da ka zo.

Karo na biyu na bi a hankali. Na riƙa ƙara zafin hita kaɗan-kaɗan har digiri 30, saboda ɗumi na sa ƙwayar ta yi saurin barin jikin kifi. Na ƙara famfon iska, tunda ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Na narka gishiri a bokiti, giram 2 ga kowace lita, sannan na zuba sannu-sannu. Duk bayan kwana biyu na zuƙe dattin tsakuwa da tiyo, na sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, na mayar da gishirin da ya fita. Ban daina ba sai mako guda bayan ɗigon ƙarshe. Amma ka kula: kifin da ba shi da ɓawo, dangin tarwaɗa, ba ya jure gishiri sosai, haka ma tsirrai. In kuma golfish ne naka, wato kifin adon nan masu launin zinariya, su ba masu son zafi ba ne, kada ka kai su 30.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ni na kai cutar cikin ƙaramin akwatin 'ya'yan kifi da hannuna. 'Yar raga ɗaya nake tsomawa nan in tsoma can. Yanzu kowane akwati da ragarsa da tiyonsa, kuma in na gama sai na shanya su a rana su bushe ƙarau.

To, roƙona gare ka: kifin Asabar kada ya shiga wurin na yara. Nemi babbar roba mai tsabta, ba tsakuwa ba komai sai famfon iska, ka ajiye su nan mako huɗu kana dubawa safe da yamma. Ruwan ledar ka zubar. A wurin saye ma kada ka tsaya kan wanda ya burge ka kawai, duba 'yan uwansa duka. In ka ga ɗaya ya raɓe a lungu, bar akwatin gaba ɗaya. Yara za su matsa maka, na sani, amma ka daure.

In ka ga susa da haki babu ɗigo, yana iya zama ƙananan tsutsotsin fata ne da ido ba ya gani. Maganinsu firazikwantel, irin wanda ake ba masu tsargiya, sai dai ka tambayi likitan dabbobi awo. Kada kuma ka ɗebo ciyawa ko kifi daga rafi, da su ƙwarƙwatar kifi ke shigowa.

Garinku ya fi namu sanyi, kuma faɗuwar zafin ruwa dare ɗaya na raunana kifi. In an ɗauke wuta, ka lulluɓe akwatin da bargo, ni haka nake yi.

Ka gaida Maman Abba da yara. Safiya ta ce a turo mata hoton kifayen.

Naka har kullum,
Nura